Daga gwanjon Amurka zuwa filin dillali: Yadda motocin tokumbo ke iso mana

Duk wanda ya taɓa zuwa sayen mota a Kano, Kaduna ko Abuja ya san tambayar farko da ake yi bayan sallama: tokumbo ce ko ta hannu? Tokumbo, wadda wasu ke kira 'yar Baljiyam ko 'yar Kwatano, ita ce motar da aka yi amfani da ita a ƙasar waje amma ba ta taɓa ɗaukar lambar Najeriya ba. Sunan Baljiyam ya samo asali ne daga zamanin da ake lodin mafi yawan motocin a tashar jiragen ruwa ta Antwerp. Yau kuwa galibin Camry, Corolla, Accord da Highlander da ke jere a filayen dillalai daga Amurka da Kanada suka fito, sunan ne kawai ya zauna a bakin mutane.

Cinikin yana farawa ne a kasuwar gwanjo ta intanet, musamman ta kamfanonin Copart da IAA. Abin da mai saye ya kamata ya sani shi ne, yawancin motocin da ake kaɗa wa ƙararrawa a waɗannan wurare na kamfanonin inshora ne. Mota ce ta yi hatsari, ko ambaliya ta shanye ta, inshora ta lissafa ta ga kuɗin gyara a can ya kusa kuɗin motar, sai ta biya mai ita ta tura ta gwanjo. Gyaran da ya gagara a Amurka saboda tsadar aikin hannu ba ya gagarar makanikan Ladipo a Legas ko na Ƙofar Ruwa a Kano, kuma a wannan tazara ribar dillali take. Ba aibu ba ne a sayar da motar da aka gyara. Aibun shi ne a ɓoye. Wadda aka buge ta gefe aka canja mata ƙofa tana iya yin shekaru lafiya lau, amma wadda ta kwana cikin ruwa ciwonta a wayoyin lantarki da kwamfutar injin yake, kuma ba ya bayyana sai kuɗi sun daɗe da shiga aljihun wani.

Bayan an ci gwanjo, sai a biya kuɗin kamfanin gwanjon, a biya mai jan motar zuwa bakin teku, kamar Baltimore, Savannah ko Houston. Motar da ke tashi tana tafiya akan tuƙa ta a shigar cikin jirgin ruwan dakon motoci, wadda ta lalace ƙwarai kuwa sau da yawa sai a kwantena, tare da kayan gyaranta. Bayan 'yan makonni a teku jirgi zai sauke a Legas, mafi yawa a tashar Tin Can, inda kamfanin Grimaldi ke da wurin saukar motoci na PTML.

A nan ne lissafi ke rikicewa. Dillali ba ya fitar da mota da kansa, sai ta hannun ejan mai lasisin kwastam. Tun shekarar 2022 Hukumar Kwastam ta koma ƙiyasta darajar mota ta hanyar lambar shasi, wato VIN, mai haruffa da lambobi 17. Da an shigar da lambar, kwamfuta za ta fitar da darajar da hukuma ta yanke wa irin wannan mota, ba abin da dillali ya biya a gwanjo ba. Ejan-ejan sun yi yajin aiki a watan Fabrairun shekarar saboda wannan tsari, aka dakatar da shi na ɗan lokaci, aka gyara, aka dawo da shi. A kan wannan daraja ake ɗora kuɗin fito da harajin bunƙasa masana'antar motoci, sannan harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari. Ban da su akwai kuɗin kamfanin jirgi, da na tasha, da kuɗin ajiya da ke ƙaruwa kowace rana muddin motar ba ta fita ba.

Duk wannan da dala ake lissafa shi kafin a mayar naira. A farkon 2023 kwastam na lissafin dala ɗaya a kan kimanin naira 422. Bayan an sake wa naira mara a watan Yunin shekarar, farashin ya yi ta hawa har ya haura naira 1,500 a Fabrairun 2024. Ke nan kuɗin fiton mota iri ɗaya ya ninka fiye da sau uku cikin watanni, ba tare da an ƙara ko kashi ɗaya a harajin ba. Shi ya sa ma'aikacin da ya yi shekara biyu yana zubin adashi ya je fili ya tarar kuɗinsa ba su kai rabin motar da ya sa wa ido ba, kuma shi ya sa dillali ke ƙara wa motar da ta daɗe a hannunsa kuɗi: yana duban abin da zai kashe ne wajen sayo madadinta.

Akwai hanya ta biyu, wadda 'yan Arewa suka fi sani. Shekaru da dama tashar Kwatano ta Jamhuriyar Benin ce babbar kasuwar motocinmu. A wancan lokacin akan sauke mota a matsayin kayan da za su zarce Nijar, ta bi ta Malanbil da Gaya zuwa Birnin Ƙonni ko Maraɗi, sannan ta faɗo ta Illela, Jibiya ko Maigatari. Daga 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta haramta shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, amma sumoga ba ta mutu ba, sai dai ta koma bin daji da dare. Irin wannan mota takan fi araha, takardunta kuwa ko na jabu ne, ko na wata motar, ko an biya fiton da bai kai ba.

Daga Legas zuwa Kano tafiyar kilomita wajen dubu ce. Masu ƙarfi kan ɗora motocinsu a tirela, wasu kuma su ba direbobi su tuƙo, shi ya sa kake ganin jerin motoci marasa lamba a hanyar Lokoja da asuba. Kafin a jera su sai sun biya ta wurin mai gyaran jiki da mai fenti.

Filin da ka shiga kuma, ba duka motocin ciki ne na mai filin ba. Wasu na abokan sana'a ne da ba su da wuri, wasu na 'yan kasuwa ko ma'aikatan da suka juya kuɗinsu a harkar, an ajiye su ne a kan yarjejeniyar la'ada. Tsakanin mai mota da mai saye ana iya samun 'yan kayi-na-yi biyu ko uku, kowa da abin da ya ɗora. Idan ka taya aka ce albarka, wanda ke gabanka ya koma gefe yana buga waya, to da wuya shi ne mai motar.

Abin da ya fi cutar da mai saye shi ne takardar kwastam, domin doka motar take kamawa, ba ta neman wanda ya shigo da ita. A ƙarshen Satumban 2019 jami'an kwastam sun garƙame filayen sayar da motoci a jihohi da dama suna neman na sumoga, kuma a Maris ɗin 2024 hukumar ta ba masu motocin da ba a biya musu fito daidai ba wa'adin kwana 90 su je su cika. Wanda ya saya da zuciya ɗaya shi ake tarewa a hanya, shi ke biyan cikon. Don haka kafin a ba da kafin alƙalami, a gwada lambar shasin da ke gindin gilashin gaba da ta jikin ƙofar direba da wadda ke kan takardar fito, a tabbata ɗaya ce. A kai takardar ofishin kwastam mafi kusa a tantance ta. Sannan a sa lambar a shafin binciken tarihin mota irin su Carfax, ko ma a Google kawai, domin sau da yawa hotunan motar na ranar gwanjo suna nan a intanet, da bugun da ke jikinta da adadin tafiyar da agogonta ya nuna a ranar.