Makaɗin da ya mayar da kiɗan Veracruz dandali

A ƙauyukan kudancin jihar Veracruz ta ƙasar Meksiko, idan ana biki, da dare sai a ajiye wani dandamalin katako da ake kira tarima. Makaɗa su kewaye shi da jarana, wata ƙaramar jita da ake sassaƙawa daga gungumen ice guda. Masu rawa su hau, dugadugansu su zama ganga. Can gefe wani yana riƙe da busasshen muƙamuƙin jaki, yana bugunsa da hannu, haƙoran suna caccaka. Sunan taron fandango, kiɗan kuma son jarocho, gadon cuɗanyar 'yan asalin ƙasar da Sifaniyawa da bayin Afirka da aka sauke a gaɓar Veracruz.

Daga shekarun 1940, rediyo da silima suka ɗauke kiɗan zuwa birni. Aka ƙara masa sauri, aka sanya wa makaɗa fararen kaya, aka mai da shi abin kallon baƙi. Waƙar La Bamba ta son jarocho, wadda Ritchie Valens ya rera a Amurka a 1958, ta zagaye duniya, amma a gida dandali ya fara mutuwa.

A 1977 wani saurayi ɗan ƙauyen Tres Zapotes, Gilberto Gutiérrez, ya kafa ƙungiyar Mono Blanco tare da ɗan'uwansa José Ángel da Juan Pascoe. Suka nemi tsohon mawaƙi Arcadio Hidalgo, wanda ya haura shekara tamanin, suka durƙusa gabansa suna koyo, suka yi yawon kiɗa tare da shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne Gutiérrez bai tsaya ga naɗar faifai ba. Ya gane cewa inda babu taro, kiɗan nan ba ya numfashi. Sai suka bi gari gari suna haɗa fandango, suna lallashin tsofaffi su sauke jaranar da suka rataye, suna koya wa yara kaɗawa da sassaƙa ta.

Yau duk farkon watan Fabrairu makaɗa na cika garin Tlacotalpan. A 2008 kuma aka fara fandango a kan iyakar Meksiko da Amurka, tsakanin Tijuana da San Diego, inda makaɗa suka riƙa amsa wa juna waƙa ta tsakanin ƙarafan shinge.