Sirrin Gidajen Singafo: Yadda Ɗan Albashi Ya Zama Mai Gida

Singafo tsibiri ne da faɗinsa bai kai murabba'in kilomita 750 ba, ga mutum kusan miliyan 6 a cunkushe a cikinsa. A birni irin wannan, inda fili ke da ɗan karen tsada, ɗan albashi kan tsufa ne a gidan haya. Amma a can, cikin magidanta 10 'yan ƙasa, kusan 9 gidan da suke kwana nasu ne, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na 'yan ƙasar suna zaune ne a benayen da gwamnati ta gina. Ta yaya aka yi haka?

Amsar da ke fara zuwa baki ita ce arziki. Lissafin shekaru ya ƙaryata ta. A 1960, lokacin da aka kafa hukumar gidaje ta HDB, kashi 9 cikin 100 ne kawai ke gidajen gwamnati, talakawa da yawa kuwa suna cikin bukkokin katako da kwano. Ranar 25 ga Mayu 1961 gobara ta cinye unguwar Bukit Ho Swee, mutum kusan 16,000 suka rasa matsuguni. Hukumar, a ƙarƙashin shugabanta na farko Lim Kim San, ta gina gidaje sama da 50,000 cikin shekara biyar. Ke nan an fara gini tun ƙasar tana fama da talauci.

To, a ina aka samu filin? A 1966 aka yi dokar da ta bai wa gwamnati ikon karɓar fili don amfanin jama'a. Daga baya aka ɗaure kuɗin diyya a kan farashin wata tsayayyar rana, yadda mai fili ba zai ci ribar titi ko tashar da kuɗin jama'a suka kawo kusa da shi ba. Filayen da ke hannun gwamnati suka tashi daga kashi 44 a 1960 zuwa kusan kashi 90 a yau. Masu filaye sun ji jiki, sai a 2007 aka koma biyan su farashin kasuwa. Amma da wannan doka aka karya tsadar da ta fi kowace tsada a harkar gida.

Da fili da gini sun samu, sai wani abin ɗaure kai ya ɓullo. A 1964 gwamnatin Firayim Minista Lee Kuan Yew ta fara sayar wa masu ƙaramin ƙarfi gidajen, amma mutane ba su yi rububi ba. Gida ga shi da araha, me ya hana? Kafin alƙalami ne. Ana neman kashi 20 cikin 100 na kuɗin gida a dunƙule, leburan tashar jirgin ruwa kuwa ba shi da wannan a hannu. Abin mamaki, yana da kuɗin, sai dai a kulle suke. Tun 1955 ake yankar wani abu daga albashinsa zuwa asusun fansho na CPF. A 1968 aka gyara doka, aka ce ma'aikaci na iya ɗibar wannan ajiya ya biya kafin alƙalami da kuɗin wata-wata. Nan take masu neman saye suka yi yawa. Yau ma'aikacin da bai haura shekara 55 ba yana zuba kashi 20 na albashinsa, mai aikinsa ya ƙara kashi 17. Akwai tallafin da ke ƙaruwa gwargwadon ƙarancin albashi, akwai kuma na wanda ya sayi gida kusa da iyayensa. Wanda ya saya ba zai sayar ba sai ya zauna aƙalla shekara biyar, don kada dillalai su mamaye rabon talaka.

Saura tambaya ɗaya. A birnin St. Louis na Amurka, dogayen benayen talakawa na Pruitt-Igoe sun lalace har aka fara rushe su a 1972, ba su cika shekara 20 ba. Me ya sa na Singafo suka tsira? Domin gari aka gina wa mutane. A Toa Payoh, garin farko da HDB ta tsara daga tushe, an ware wurin kasuwa, makaranta, asibiti da masana'anta tun a takarda. Masallacin Muhajirin da aka buɗe a can a 1977 an gina shi ne da gudummawar da Musulmi ke bayarwa daga albashinsu. Jirgin ƙasa na cikin gari ya fara aiki a 1987, Toa Payoh na cikin tashoshin farko, don haka mai gida ba ya buƙatar mota. A 1989 aka ƙayyade yawan kowace ƙabila a kowane bene, don kada 'yan asalin Sin, Malay da Indiya su ware unguwanni. Kuma mutum ba ya barin gidan da guminsa ke ciki ya lalace.

Tsarin yana da nasa nauyi. Mallakar ta shekara 99 ce, wasu gidajen na hannu sun haura dalar Singafo miliyan 1, kuma kuɗin tsufan mutane da yawa ya maƙale a cikin bulo. Duk da haka sirrin ya fito: fili, ajiyar ma'aikaci da tsarin gari ne aka haɗa wuri guda suka yi aiki tare.

Najeriya ma tana da biyu daga ciki. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa filin kowace jiha a hannun gwamna, asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992 kuma ya tanadi yankar kashi 2.5 daga albashi. Abin da ya rage shi ne a haɗa su. Duk ma'aikacin da ake yankar albashinsa yana da haƙƙin ya tambayi gwamnatin jiharsa: wane fili aka ware mana, kuma yaushe titi, ruwa da makaranta za su isa wurin?