Ihun Maciji a Gidan Yawa

Duk wanda ya tashi a gidan yawa ya san abin da ke biyo bayan ihun maciji da magariba. Yaro ɗaya ne ya ga wani abu ya sulale bayan randa. Kafin labarin ya kai zaure ya zama kububuwa, kafin ya shiga maƙwabta ya zama gamsheƙa mai tsawon gaba biyu. Mai taɓarya ta fito, mai fartanya ya fito, a fasa randa, a yaye zana, a watsar da itacen girkin da aka tara don damina. Wani lokaci a sami macijin, wani lokaci a tarar tsohuwar igiyar guga ce. Ko an samu ko ba a samu ba, washegari maigida zai kafa doka: a sare darbejiyar tsakar gida, kuma kada yaro ya sake kwana a waje. Bayan shekaru ba mai tuna macijin, amma gidan ba inuwa, yaran da aka haifa daga baya kuwa sun ɗauka haka yake tun asali.

Haka abin yake idan al'umma ta firgita cewa wani sabon abu zai lalata mata tarbiyya. Masanin zamantakewa Stanley Cohen ya yi littafi a kan wannan a 1972, bayan ya bi diddigin yadda jaridun Ingila suka kambama faɗan samari a garuruwan bakin teku a 1964. Amma inda aka fi ganin abin da irin wannan ihu ke bari a baya shi ne Amurka, a rikicin mujallun zane na yara.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, mujallun da ke ba da labari cikin zane sun cika kantunan Amurka. Santi 10 ake sayar da ɗaya, ana buga miliyoyi duk wata: na soyayya, na barkwanci, na 'yan fashi, na ban tsoro. A daidai lokacin ne iyaye ke kukan fitinar matasa. A 1948 an riƙa tara mujallun ana cinna musu wuta a harabar makarantu, kamar yadda aka yi a Spencer ta West Virginia da Binghamton ta jihar New York. Sannan a 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya fitar da littafinsa Seduction of the Innocent, inda ya ce yaran da ake kawo masa da laifi duk masu karanta mujallun ne. Gaskiya ne suna karantawa, sai dai kusan kowane yaro a ƙasar yana karantawa, har da waɗanda ba su taɓa ganin ofishin 'yan sanda ba.

A watan Afrilun shekarar, kwamitin Majalisar Dattawa ya zauna a New York, ana haska zaman a talabijin. Sanata Estes Kefauver ya ɗaga bangon wata mujalla mai zanen namiji riƙe da gatari a hannu ɗaya, yankakken kan mace a ɗayan, ya tambayi mawallafinta William Gaines ko wannan ya dace. Gaines ya amsa cewa ga mujallar ban tsoro ya dace. Washegari amsar ta cika jaridu. Uwar da ba ta taɓa buɗe mujallar ɗanta ba ta ga bango ɗaya, mafi muni cikin dubbai, ta ɗauka duk haka suke. Nan ne aikin kafafen yaɗa labarai yake. Ba su ne suka ƙirƙiro macijin ba, domin wasu zanukan da gaske ba na yara ba ne. Su ne bakin da ke tsakanin randa da zaure, kuma kowane baki sai ya ƙara masa tsawo, don labarin tsoro shi ke sayar da jarida.

Majalisa ba ta kafa doka ba. Masu buga mujallun ne, saboda tsoron kada a kafa musu, suka ɗaure kansu a watan Oktoban 1954. Suka fito da ƙa'idoji da hatimin da ake bugawa a bango: ba fatalwa mai shan jini, ba gawa mai tashi, ba raina alƙali ko ɗan sanda, kuma dole na kirki ya yi nasara a ƙarshen kowane labari. Dillalai suka ƙi ɗaukar mujallar da ba hatimi. Kamfanoni da dama suka durƙushe, masu zane suka rasa abin yi. Gaines ya rufe mujallunsa na ban tsoro, ya mayar da ta barkwancinsa, Mad, babbar mujalla a 1955, abin da ya fitar da ita daga ƙarƙashin ƙa'idar.

Da aka sare waɗannan, me ya rage da zai tsiro a filin? Jarumi mai ƙarfin ban mamaki wanda ke kama mugu ya miƙa wa hukuma, domin shi ne ya fi dacewa da sharuɗɗan. Aka farfaɗo da Flash a 1956, Fantastic Four suka fito a 1961, Spider-Man a 1962. Shekaru da dama Ba'amurke na ɗaukar labarin zane abin yara ne, alhali a Japan da Faransa ana yi wa manya nasu. Kamfanin Marvel ya yar da hatimin a 2001, kamfanin DC kuma a 2011. Sai a 2012 Carol Tilley ta Jami'ar Illinois, bayan ta duba takardun Wertham, ta nuna ya sauya shekarun wasu yaran, ya kuma haɗa maganganun yara daban-daban ya mayar na mutum ɗaya.

Mu ma ba baƙin abin ba ne. A 2007 wani bidiyon waya da ya shafi 'yan fim ya tayar da ƙura a Kano, aka dakatar da shirya fim na watanni, 'yan fim da yawa suka kwashe kayan aikinsu zuwa Kaduna da Jos. Laifin na 'yan tsiraru ne, hukuncin ya hau kan sana'a guda.

Damuwar iyaye kan abin da 'ya'yansu ke gani haƙƙinsu ce, ba mai hankalin da zai raina ta. Abin lura shi ne, firgici na wata biyu ne ko uku, dokar da aka yanke a cikinsa kuwa takan yi shekara hamsin, kuma ita ke zaɓar wa jikoki abin da za su karanta da abin da za su kalla. Don haka ɗan jaridan da aka kawo wa hoto mafi muni, kafin ya buga, ya kamata ya tambaya: cikin nawa aka zaɓo wannan, kuma wa ya zaɓo shi?