Mai Jego a Gaban Alƙali

Mukan kwashe kwana arba'in muna tattalin jikin mai jego da wankan ruwan zafi da kunun kanwa, amma ba kasafai muke lura da hankalinta ba. Alhali cikin haihuwa 1000, mace ɗaya ko biyu kan gamu da taɓin hankali mai tsanani, galibi a makonni biyun farko: barci ya ƙaurace mata, ta riƙa jin muryoyin da babu su. Ƴan kaɗan cikinsu kan kai ga halaka abin da suka haifa.

To, wane hukunci ya dace da irin wannan uwa? A Ingila, dokar 1938 ta ce idan jinjirin bai cika wata 12 ba, kuma haihuwar ce ta jirkita mata hankali, ba za a hukunta ta kamar mai kisan ganganci ba. Akasari magani da sa ido ake yanke mata. A ganinmu, wannan ya fi kusa da adalci.

Jihar Tekzas ta Amurka kuwa ba ta da irin wannan doka. A can Andrea Yates ta nutsar da ƴaƴanta biyar a 2001, aka yi mata ɗaurin rai da rai. Sai a 2006 wata kotu ta yarda cewa ba ta cikin hayyacinta, aka mayar da ita asibiti.