Takardar ETN: Me Ka Saya, Kuma Wa Ke Riƙe da Kuɗinka?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, kwanakin baya wani dattijo daga cikin masu sahun gaba a masallacinmu, ɗan kasuwar hatsi, ya tsaya bayan sallar La'asar ya miƙo mana wayarsa. Ɗansa da ke aiki a Beljiyam ne ya aiko masa da saƙo, cewa kuɗin kujerar Makka da yake tarawa kada ya bar su kwance, ya turo a saya masa wani abu mai suna ETN da ke bin farashin zinariya. Ya ce, "Malam, yaron nan ya ce zinariya ce, kuma ni na san cinikin zinariya halal ne." Muka ce, "Baba, a ina zinariyar take, wa ya auna ta, da sunan wa aka ajiye ta?" Ya yi shiru. Bayansa ɗalibai biyu sun zo da irin wannan tambaya, ɗaya a kan man fetur, ɗaya a kan Bitcoin. Shi ya sa muka ga ya dace a yi bayanin a rubuce, domin malamanmu sun koya mana ba a yanke wa abu hukunci sai an san surarsa.

ETN taƙaitawa ce ta wani suna na Ingilishi, ma'anarsa takardar bashi da ake saye da sayarwa a kasuwar hannun jari. A riƙe kalmar nan ta bashi, don duk maganar a kanta take. Wani babban banki ne ke fitar da takardar. Ka ba shi kuɗi, shi kuma ya ɗauki alkawarin cewa ranar da wa'adi ya cika, bayan shekara 10 ko 20 ko 30, zai biya ka gwargwadon yadda wani ma'auni ya hau ko ya sauka, bayan ya cire ladan aikinsa. Ma'aunin yana iya zama farashin zinariya, ko na mai, ko na hatsi, ko jimillar farashin hannayen jarin wasu kamfanoni. Kafin wa'adin ya zo, kana iya sayar wa wani da takardar a kasuwa duk ranar da aka buɗe ta. Bankin Barclays na Ingila ya fitar da irinta a Amurka a 2006, da sunan iPath, sauran bankuna suka biyo baya. Yau ana cinikinta a Niyok da Landan da Faris da Johanasbag.

Bari mu kawo abin gida. A ce wani attajiri a babbar kasuwar Maraɗi ya ce maka, "Kawo jika ɗari. Bayan shekara biyar zan duba farashin buhun gero. In ya ninka, in ba ka jika ɗari biyu. In ya faɗi rabi, in ba ka hamsin." Ka tambaye shi rumbun da geronka yake, ya ce babu rumbu, kuɗin zai zuba su cikin harkokinsa yadda ya ga dama, abin da ke hannunka maganarsa ce da takarda. To wannan ita ce ETN a asalinta. Sunan gero na kan takardar, amma ko ƙwaya ɗaya ba ka mallaka ba.

Nan ne bambancinta da ƴar'uwarta ETF, wadda mutane ke yawan rikita su saboda harafi ɗaya. Ita ETF asusu ne da ake tara kuɗin jama'a a sayi dukiya da gaske, hannun jari ko zinariya, a ajiye ta daban da dukiyar kamfanin da ke kula da asusun. In kamfanin ya karye, dukiyar tana nan ta masu ita. ETN kuwa, in bankin ya karye, kai ɗaya ne daga cikin masu binsa bashi, ka shiga layi.

Adalci ya sa mu faɗi abin da ke jan mutane gare ta, domin ba wawaye ne ke saye ba. Tana buɗe wa mai ƙaramin jari ƙofar kasuwannin da ba zai iya shiga da kansa ba. Wa zai iya sayen gangar ɗanyen mai ya ajiye a ɗaki? Tana kuma bin ma'aunin daidai, tunda alkawari ne a rubuce, babu kuɗin ajiya ko na dako da zai karkatar da lissafi. Shiga da fita a sauƙaƙe suke, kuma ana cinikin a kasuwa mai doka, da littafin sharuɗɗa da aka wallafa, wanda ya raba ta da ƴan damfarar nan masu cewa ka kawo dubu goma ka karɓi ashirin ranar Juma'a. A Amurka har wani sauƙin haraji take da shi, sai dai wannan amfanin mazauna can ne, bai shafi mai zama a Zinder ko Tawa ba.

Haɗarin kuwa ya riga ya faru, ba hasashe muke ba. Bankin Lehman Brothers na Amurka, wanda aka kafa tun 1850, ya fitar da ETN guda uku da sunan Opta a farkon 2008. Ranar 15 ga Satumba na wannan shekara bankin ya karye. Ma'aunan da takardun ke bi ba su ɓace ba, kayan da ake aunawa suna nan ana cinikinsu a duniya, amma mai alkawarin ya faɗi. Masu takardun suka koma masu bin bashi marasa jingina, suna jiran abin da kotu za ta raba. Inshorar da ke kare kuɗin ajiya a bankunan Amurka ba ta rufe irin wannan takarda. Kuma kada wani ya ce ai wannan tsohon labari ne. Credit Suisse, wanda a lokacin yake cikin manyan masu fitar da ETN, shi ma a Maris 2023 sai da hukumomin Suwizalan suka sa bankin UBS ya haɗiye shi cikin gaggawa don kada ya rushe.

Ko bankin na tsaye da ƙafafunsa, sharuɗɗan da ya rubuta don kare kansa ne. An taɓa yin wata ETN mai suna XIV ta Credit Suisse, wadda ke samun ƙaruwa muddin kasuwar hannun jarin Amurka na kwance lafiya. Shekaru ta yi tana hawa, mutane suka yi ta zuba kuɗi har darajarta ta kusa dala miliyar 2. Ranar 5 ga Fabrairu 2018 kasuwa ta girgiza, takardar ta rasa fiye da kashi 90 cikin ɗari a yini guda. Cikin littafin sharuɗɗan akwai inda aka rubuta cewa in ta faɗi da kashi 80 a rana ɗaya, banki na da ikon rufe ta ya biya abin da ya saura. Haka ya yi cikin watan. Wanda ya so ya yi haƙuri ya jira ta farfaɗo, ba a bar masa abin jira ba. Manomin da farashin albasa ya faɗi masa ko ba komai yana da albasarsa.

Akwai kuma wata matsala da ba ta bayyana sai ta auku. Farashin takardar a kasuwa yana tafiya daidai da ma'auni ne muddin banki na ci gaba da fitar da sababbi. In ya tsaya, sai ta yi ƙaranci, farashinta ya kumbura sama da ainihin darajarta. An ga haka a 2012 da wata mai suna TVIX, da aka koma fitar da ita kuwa ta zubar da fiye da rabin farashinta cikin kwana biyu. A Maris 2022 Barclays ma ya dakatar da fitar da wasu nasa, bayan ya gano ya sayar da takardu fiye da adadin da ya yi rajista da hukuma. Wanda ya saya lokacin kumburin, asararsa ba ta da alaƙa da mai ko zinariya.

Ɗalibai su lura da masu ninki, waɗanda ake tallarsu da cewa suna ninka motsin ma'auni biyu ko uku a kowace rana. Ku ɗauki alli ku lissafa. Ma'auni yana 100, yau ya sauka zuwa 80, gobe ya koma 100, wato ya faɗi kashi 20 ya tashi kashi 25. Mai takardar ninki biyu da ya sa jika 100, yau ya rasa kashi 40 ya koma 60, gobe ya samu kashi 50 ya koma 90. Kasuwa ta dawo inda take, shi jika goma sun tafi, ban da ladan banki da ake yanka kullum.

To yanzu fiƙihu. Tun da farko mu gyara wata kalma da rubutun boko ke haɗe mana: riba ta cin kasuwa daban, ribar da Alƙur'ani ya haramta daban, ko da yake harafinsu ɗaya a takarda. Ta biyun za mu kira ta kuɗin ruwa don kada a ruɗe. Aya ta 275 a Suratul Baƙara ita ta raba tsakaninsu, ta halatta ciniki ta haramta ɗayan.

Wace irin ƙulla ce wannan a cikin waɗanda muka karanta a babin ciniki na Risala? Wani ɗalibi ya ce salam ce, tunda an biya yanzu ana jiran gaba. A salam kana biyan kuɗi ka karɓi kaya sanannu, da mudu sananne, a lokaci sananne. Nan kuɗi ka bayar, kuɗi za a mayar maka. Wani ya ce ƙirali ce, tunda ana iya samu ana iya rasawa. Wannan ya fi kusa da hankali, amma bai tsaya ba. A ƙirali mai juya kuɗi amintacce ne, dukiyar taka ce a hannunsa, kuma rabonka wani yanki ne na abin da cinikin ya haifar da gaske. A ETN kuɗin sun shiga wuyan banki sun zama nasa, ya juya su inda ya so, har da ba da rance da ruwa, abin da zai ba ka kuma an ɗaure shi da wata lamba ta waje. Abin da ya rage shi ne kuɗi da kuɗi, da jinkiri, da adadin da ba wanda ya sani. In ƙari ya zo, rance ne ya jawo amfani. Rashin sanin adadin kuma shi ne garari, wanda hadisin Abu Huraira a Sahihu Muslim ya hana. Sayar da takardar ga wani a kasuwa sayar da bashin kuɗi ne da kuɗi a farashi dabam, kuma ko malamanmu Malikawa da suka sassauta a sayar da bashi ga wanda ba shi ake bi ba, sun sa sharuɗɗan da wannan bai cika ba.

Ba mu kaɗai muka ga haka ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1990, ta haramta fitarwa da saye da sayar da takardun bashi masu ruwa. A zamanta na 1992 a kan kasuwannin kuɗi kuma ta yanke cewa saye da sayar da ma'auni kansa bai halatta ba, ta ɗauke shi caca, domin ciniki ne a kan abin da babu shi a zahiri. ETN ta zo bayan waɗannan hukunce-hukunce, amma ta haɗa siffofin biyun. Abin da muke gani shi ne ETN irin wadda muka siffanta, marar dukiya a bayanta, Musulmi ya nisance ta.

Sai dai kada mu yi wa kowace takarda kuɗin goro. A Turai, inda ɗan dattijon nan yake, akwai takardun da a doka sunansu na bashi ne, amma an ajiye sandunan zinariya masu lamba a taska a matsayin jinginarsu. Wannan ya rage haɗarin karyewar mai fitarwa ƙwarai. Ta fuskar shari'a tambayar tana nan: zinariyar taka ce ko jingina ce kawai? Hadisin Ubadatu ɗan Samit ya shar'anta hannu da hannu a musayar zinariya. Hukumar AAOIFI da ke Bahrain ta fitar da ƙa'idarta ta zinariya a 2016, inda ta karɓi mallaka ta takarda idan zinariyar sananniya ce, an ware ta, kuma mallakar ta koma ga mai saye ba tare da jinkiri ba. Saboda haka irin waɗannan sai an duba kowace ita kaɗai, a karanta sharuɗɗanta, a ga ko wata majalisar malamai sananniya ta sa mata hannu. Kalmar halal a jikin talla ba hujja ba ce.

Mai neman inda zai sa kuɗinsa bai rasa hanya ba. Akwai hannun jarin kamfanonin da sana'arsu halal ce bayan an tantance su, akwai ƙirali da musharaka da ɗan kasuwar da ka sani, akwai sukuk da aka gina a kan dukiya ta gaske. Senegal ta fitar da sukuk na miliyar 100 na sefa a 2014, Najeriya ta fitar da na naira miliyar 100 a 2017 don gina hanyoyi. Su ma ana iya asara a cikinsu, kuma malamai na da magana a kan tsarin wasunsu, amma aƙalla akwai abin da za a nuna maka a ce ga naka.

Wanda ya riga ya saya bisa rashin sani, ya fita, ya ɗauki uwar kuɗinsa kamar yadda aya ta 279 a Baƙara ta nuna, abin da ya hau kai ya fitar da shi ga mabuƙata ko aikin jama'a da niyyar tsarkake dukiya. Dattijon nan kuwa mun ce masa ya sa ɗansa ya turo cikakken sunan takardar da littafin sharuɗɗanta, mu zauna da wani ɗan'uwa da ya karanci harkar banki mu duba. Kafin nan kuɗin Makka su zauna inda suke. Ɗaliban da ke son ƙarin bayani a kan salam da ƙirali su zo da Risalarsu darasin Asabar bayan Magariba. Allah ne mafi sani.