KOWA DA ASKARSA: Asabar Uku A Zauren Wanzami

Daga Wakilinmu na Arewa

Ranar da aka raba gadon mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, cikin 'yan komatsan da suka faɗo rabona har da wata tsohuwar aska mai naɗewa, ƙotarta baƙa, an rubuta Solingen a gindin ƙarfenta. Marigayin ya yi shekaru yana fataucin goro tsakanin Shagamu da Kano, kuma tun ina yaro na san duk inda za shi, askar nan tana aljihun 'yar-cikinsa. In ya zauna gaban wanzami, ko a Sabon Badun ne ko a Agege, sai ya zaro ta ya miƙa, ba ya yarda a ɗora masa wata a ka. Mu yara a lokacin mun ɗauka tsabar iyayi ne irin na dattawa. Sai da girma ya zo na gane ashe tsohon nesa ya hango.

Askar ta daɗe cikin akwati, ta yi tsatsa, bakinta ya dakushe har ko takarda ba ta yankawa. Watan jiya na ɗauke ta na nufi wani zaure cikin birnin Kano, inda wani dattijon wanzami da ya gaji sana'ar kaka da kakanni yakan tara masu sha'awar koyon washi kowace Asabar da hantsi. Niyyata in ba shi ya wasa mini, in biya, in yi gaba. Baba ya juya askar, ya duba ta a hasken ƙofa, ya ce ƙarfen na kirki ne, amma shi ba zai wasa ba, sai dai in tuɓe takalmi in zauna in wasa da hannuna. To, abin da na koyo cikin Asabar uku shi ne na ga ya kamata in kawo muku, ya 'yan'uwa mazauna Kudu, domin maganar ta wuce ta gyaran fuska kawai.

Mu bakwai ne a kan tabarma. Biyu jikokin Baba ne, su ne magada sana'a. Sauran kuwa ba mai niyyar rataya zabira: akwai tela, da tsohon malamin makaranta, da direban babbar mota mai zuwa Ikko, da wani mai sayar da turare, sai ni. Sha'awa ce kurum ta tara mu.

HAR TURAWA SUN DAWO KANTA

Kada wani ya ce wannan aikin ƙauyanci ne. Irin askar mahaifina a ƙasar Turai aka ƙera ta, kuma garuruwa uku ne suka yi suna wajen wannan ƙira: Shefil a Ingila, Solingen a Jamus, da Thiers a Faransa. Da ita Turawa suke aski har zuwa lokacin da wani Ba'amurke mai suna King Camp Gillette ya kafa kamfaninsa a 1901, ya fara sayar da reza a 1903. Da aka raba wa sojojin Amurka rezarsa a Yaƙin Duniya na Farko, samari suka koma gida sun saba da ita, sai kasuwar aska ta fara mutuwa.

Amma ba ta mutu murus ba. Kamfanin Dovo da aka kafa a Solingen a 1906, da na Thiers-Issard na Faransa wanda tushensa ya koma 1884, sun ci gaba da ƙira. A 2012, bayan fitowar fim ɗin James Bond mai suna Skyfall, inda aka nuna ana yi wa jarumin gyaran fuska da aska, masu sayar da ita a Ingila suka ba da labarin ciniki ya buɗe. Yau a Turai da Amurka akwai masu sha'awa da kan haɗu, kowa da duwatsunsa da askarsa, gwani ya zauna ya koya wa sabon shiga, wani lokaci har da biyan kuɗi. Suna sayen wani dutse mai ruwan ɗorawa da ake haƙowa a yankin Vielsalm na ƙasar Baljiyam, da waɗansu daga kewayen birnin Kyoto na Japan, da tsada ƙwarai. Watau abin da wanzamanmu suke yi a gindin bishiya, wanda 'ya'yanmu suke raina wa, shi ne waɗansu ke biyan kuɗi su koya.

ASABAR TA FARKO: DUTSE

Ranar farko ba a bar ni na taɓa bakin aska ba sai da na gyara dutse. Dutsen washi in ya daɗe yana aiki yakan yi kwari a tsakiya, kuma dutse mai kwari ba ya ba da baki miƙaƙƙe. Sai a jiƙa shi, a goga shi a kan wani shimfiɗaɗɗen dutse, ko a kan sanfefa da aka ɗora bisa gilashi, har ya daidaita. Na yi kusan rabin sa'a a kan wannan kaɗai.

Baba duwatsu biyu gare shi, ɗaya mai ɗan kaushi, ɗaya mai santsi kamar allo. Tsohon malamin makarantar nan kuwa ya zo da na kanti masu lamba, ya yi mana bayani cewa 1000 shi ne mai kaushi da ake kafa baki da shi, sa'an nan a hau 4000, a wuce 8000, mai son ƙarin laushi ya ƙare da 12000. Iyakar girman lamba, iyakar santsin dutse. Da aka gwada, sai muka ga hanyar ɗaya ce: daga kaushi zuwa santsi, ba a tsallake.

Ga yadda ake yi. A zuba wa dutse ruwa. A kwantar da aska a kai, bayanta da bakinta duka biyu su taɓa dutse. Kaurin bayan irin wannan aska shi ne ma'auni, maƙerin ya riga ya auna shi yadda bakin zai fito siriri, abin da bai kai digiri 20 ba. Saboda haka ba a ɗaga bayanta kamar yadda ake yi wa wuƙar mahauta. Sai a tura ta baki a gaba, kamar mai son feshe ɓawon dutsen, a ɗan karkata domin washin ya ratsa daga gindi har tsini. In an kai ƙarshe, a juya ta ta kan bayanta, a dawo. Yawan zuwa, yawan dawowa. Askar maƙeranmu ta gargajiya da Baba ya nuna mana ba ta da wannan kaurin baya, hannun wanzami ne ke riƙe ma'aunin, shi ya sa koyonta ya fi ɗaukar lokaci.

Nan na yi kuskurena na farko. Na ga abin ba ya sauri, sai na danna da ƙarfi. Baba bai ko ɗago kai ba, daga ƙarar dutsen ya gane. Ya ce, “Malam, sassauta hannu, ba daka kake yi ba.” Bakin aska siriri ne ƙwarai, in an danne shi sai ya lanƙwashe, dutsen ya ci inda bai kamata ba. Malamin makaranta ya shafa wa bakin askata tawadar maka, ya ce in yi zuwa biyar. Da muka duba, tawada ta goge a tsakiya, amma tana nan a gindi da tsini. Ashe duk wahalar da na sha tsakiya kaɗai nake ci. Wannan dabara ta tawada ta burge Baba, har ya sa jikokinsa su riƙe ta.

ASABAR TA BIYU: HAƘURI

Mafi yawan aikin a dutsen farko yake. Sai gefen nan biyu na ƙarfe sun haɗu sosai tun daga gindi har tsini kafin a ce baki ya kafu. In bai kafu ba, ko ka kwana a kan dutse mai santsi, sheƙi kawai za ka samu, ba kaifi ba. Askata tana da ɗan giɓi wajen tsini inda tsatsa ta ci, sai da na cinye ƙarfen har giɓin ya ɓace. Alamar baki ya kafu ita ce ta aske gashin hannu ko'ina a tsawonta. Ba a gwada kaifi da jan yatsa bisa baki. Mai turare ya gwada, ya tafi gida da tsumma a yatsa.

Daga nan aikin ya koma na lallashi. A dutse mai santsi nauyin askar kaɗai ya isa, hannu rakiya yake yi. Zauren yakan yi tsit, ba ka jin kome sai sautin ƙarfe bisa ruwa. Direban nan ya ce rabonsa da samun natsuwa irin wannan tun kafin ya fara bin hanyar Lakwaja.

ASABAR TA UKU: FATA

Bayan dutse sai fata. Nan kuma akasin dutse ake yi: baya ke gaba, baki na biye. A ja fatar ta miƙe sosai, a kwantar da aska, a ja ba dannawa, a juya ta kan bayanta. Ni kuwa hannu ya saba da dutse, na tura baki gaba, nan take na tsarge wa Baba fatar da ya ce ta girmi jikokinsa. Kunya ta kama ni, na ce zan biya. Ya yi dariya ya ce kowane ɗan koyo da tabonsa a jikin fatar nan.

Fata ba ta cin ƙarfe kamar dutse, tana share baki ne ta daidaita shi. Don haka ake bi ta kanta kafin kowane aski, shi ne kuma dalilin da kuke ganin wanzami na shafa aska a tafin hannunsa. Dutse kuwa sai bayan watanni, in an ji aska ta fara jan gashi. Mai kai askarsa dutse kullum, cinye ta yake yi.

Da na gama, Baba ya tsinko gashi ɗaya, ya riƙe shi a iska, ya ɗora bisa bakin askar. Gashin ya rabu biyu ba tare da an ja ba. Sa'an nan ya jiƙa mini kai, ya yi mini aski da askar mahaifina. Ko da aski ya zo gaban goshi ban ji zafi ba, sai dai idona ya kawo ruwa, ba kuwa don kaifi ba.

INDA MAGANAR TAKE

To, 'yan'uwa, ga dalilin da ya sa na ce tsohona nesa ya hango. Aska mai kaifi ba ta cika yanka fata ba, dakusasshiya ce ke karce kai ta fid da jini. Jinin nan kuwa, ko ido bai gan shi ba, yana iya ɗaukar cuta daga wannan kai zuwa wancan. Tun da aka ba da labarin ɓullar ƙanjamau a Nijeriya a 1986 ake ta gargaɗi a kan haɗa aska. Amma akwai wadda ta fi ta saurin kamu, watau ciwon hanta nau'in B. Likitoci sun tabbatar ƙwayar cutar tana iya rayuwa a wajen jiki har kwana 7 ko fiye. Binciken da gwamnatin tarayya ta gudanar a 2018 ya nuna kimanin mutum 8 cikin 100 na manyan ƙasar nan suna ɗauke da ita, da yawa kuma ba su sani ba.

Abin ya fi muni ga jarirai, domin kusan 9 cikin 10 na waɗanda suka kamu suna jarirai, cutar takan zauna musu, ta yi ta cin hanta a ɓoye har girma. Ku tuna fa ran suna, kwana bakwai da haihuwa, mukan miƙa kan jariri ga aska. Tun 2004 aka sa allurar riga-kafin wannan ciwo cikin alluran yara, saboda haka a kai jariri asibiti a yi masa da zarar an haife shi, ran suna kuma uba ya tanadi sabuwar reza a cikin takardarta. Babba ma yana iya zuwa a gwada jininsa, a yi masa allurar.

Ba ina zargin wanzamai ba ne. Da yawansu, a Arewa da Kudu, sun koma aska mai cin reza, kowane kai da sabuwarsa, kuma Baba da kansa haka yake yi wa wanda bai zo da tasa ba. Amma mu ma da namu laifin. Mutum ya taso daga kasuwar Mile 12 ko Idi-Araba ran Juma'a yana sauri, ya tsuguna gaban duk wanda ya samu, bai tambayi kome ba don kada a ce ya cika tsirfa. Kunyar tambaya ba ta kai kwanciyar asibiti ba.

Shawarata biyu ce. Ko dai a ɓare sabuwar reza a gabanka, ko ka mallaki askarka, kai kaɗai, ko ɗan'uwanka ciki ɗaya kada ka ara masa. In ka zaɓi ta biyu, ka sani damshin Ikko da Fatakwal da Anaca abokin gabar ƙarfe ne, kwana kaɗan ya isa tsatsa ta kama. Bayan aski a wanke ta da sabulu, a goge ta bushe ƙarau har cikin ƙota, a shafa mata ɗigon man keken ɗinki. Kada a kara bakinta a wuta, domin zafi yana kashe ƙarfin ƙarfe, ba za ta ƙara riƙe kaifi ba. Kada kuma a yanka zare ko farce da ita.

Sa'an nan duk unguwar Hausawa a Kudu ba ta rasa tsohon wanzami. Ku je ku gaishe shi, ku kai masa goro, ku roƙe shi ya nuna muku washi. Asabar uku ta ishe ni in fara, ko da yake Baba ya ce tukuna ban wuce ɗan koyo ba, kuma har yanzu yana bina fata. Askar tana aljihuna yanzu haka.

Allah Ya kare mu da iyalanmu, Ya kuma maido kowa gida lafiya, amin.