Wuƙar da ke cikin tsoka

Mahautan kasuwar Magarya sun san cewa naman sa da aka yanka da asuba yakan sandare kafin magariba. Matan gida kuwa, in nama ya gagari haƙori, wasu su jefa kanwa cikin tukunya, wasu su nannaɗe shi da ganyen gwanda. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ita kanta tsoka tana ɗauke da wuƙarta.

Wannan wuƙa wani sinadari ne mai yanka furotin, wanda masanin Amurka Gordon Guroff ya fara ganowa a shekarar 1964. Daga baya masanin Japan Takashi Murachi ya raɗa masa suna kalfen, ta hanyar haɗa sunaye biyu: kalsiyam, wanda ke tayar da shi, da fafen, sinadarin gwanda mai tausasa nama.

A jikin mai rai, ɗaya daga ayyukan kalfen shi ne taimaka wa ƙwayoyin halitta su yi tafiya. Ƙwayar halitta ba ta da ƙafa. Takan miƙa goshinta ta manne a gaba, sa'an nan ta jawo jikinta. Amma muddin bayanta na manne, ba ta gusawa, kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Kalfen ne ke yanke igiyar. A shekarar 1997 Anna Huttenlocher da abokan aikinta suka nuna cewa in an hana shi aiki, ƙwayar takan kasa sakin bayanta, tafiyarta ta yi rauni. A 2004 kuma aka tabbatar da cewa furotin mai suna talin na cikin manyan igiyoyin da yake yankewa. Da irin wannan tafiya ce fata ke rufe rauni. Da ita ce kuma ciwon daji ke barin mazauninsa ya bazu cikin jiki, shi ya sa masu binciken magani suka sa wa kalfen ido.

Bayan yanka, wuƙar ba ta tsayawa nan take. Takan ci gaba da tsinke zaren tsoka a hankali har naman ya yi laushi. Sai dai aikin na bukatar ɗakin sanyi, tsakanin digiri 0 da 4, na tsawon mako ɗaya zuwa biyu. Ga shi kuma shanu masu tozo, irin Azawak da Bororo da ake kiwo a ƙasar Damagaram, suna da yawan kalfastatin, sinadarin da ke riƙe hannun kalfen. Saboda haka namansu ya fi na shanun Turai tauri, ya fi bukatar jira.

Nan ne maganar ta shafi aljihun 'yan kasuwa. Zafin Magarya da Dungas ba ya barin ɗanyen nama ya kwana biyu, sai dai a sayar da shi a ranar ko a mayar da shi kilishi. Shanu kuwa da ransu suke ƙetare iyaka zuwa kasuwar Maigatari, ribar nama da ta fata ta bi su can. Muddin babu ɗakunan sanyi da tsayayyar wutar lantarki a waɗannan gundumomi biyu, makiyayi da dillali za su ci gaba da kiwo, wani na shan romo.